Lambobin Gindin Gwangwani

Ranar da 'yarta ta koma aiki bayan haihuwa, Kaka ce ta zauna da jinjirin. An jera mata komai a teburin kicin: kwalbar shayarwa, ruwan zafi a fulas, gwangwanin madarar jarirai. Ta dama ta ba shi, ya shanye tas, ya yi gyatsa, ya ɓingire da barci.

Tana wanke kwalbar ta ji rediyo na cewa 'yan majalisa suna muhawara kan wata doka da za ta sa kamfanonin abinci su riƙa rubuta ranar lalacewar kaya bisa tsari ɗaya. A yanzu, in ji mai maganar, wani kamfani rana yake fara rubutawa, wani kuma wata.

Kaka ta goge hannu, ta sa tabarau, ta juya gindin gwangwanin. 05/08. Ga shi ana cikin watan shida. In takwas ɗin ne wata, da sauran lokaci. In biyar ɗin ne, to lalatacciyar madara ta ɗura wa jikanta da hannunta.

Ta kira 'yarta, waya a kashe. Ta goya yaron, ta ɗauki gwangwanin, ta fita ko takalmi ba ta sa daidai ba. Mai shagon bakin titi ya juya gwangwanin, ya sake juyawa, ya ce shi ma haka kayan suke zo masa, in dai bai kumbura ba sayarwa yake. Wannan bai kwantar mata da hankali ba. Mai kemis kuwa ta ce tana kyautata zaton watan takwas ne, amma ba za ta rantse ba.

“Kada ki ƙara ba shi, Mama. In kin ga amai ko zawo ko zazzaɓi, ki wuce asibiti.”

Ta ɗauko mata wata madarar, wadda aka rubuta sunan watan ɓaro-ɓaro a jikinta.

Yinin nan Kaka ba ta sa komai a bakinta ba. Ta taɓa goshinsa, ta leƙa ƙunzugunsa, ta kanga kunne a ƙirjinsa. Ya motsa, ta zabura. Ya yi shiru, ta fi zabura. Tana ta saƙa yadda za ta dubi idon surukinta.

Da 'yar ta dawo ta ji labari, ita ma fuskarta ta canja. Ta kira lambar kamfanin da ke jikin gwangwanin, aka bar ta tana jira, kiɗa na tashi a wayar, Kaka na tsaye riƙe da bango. Can wata murya ta ce watan takwas ne.

Kaka ta zauna daɓas a bakin gado. Yaron na kwance yana ƙoƙarin kai ƙafarsa baki.

“Dube shi,” ta ce. “Wannan mijin nawa ba shi da tausayi ko kaɗan.”

Sai ta ce wa 'yarta ta zubo mata abinci.