Laftof a Kan Tebur Mai Gangara

Shekara ashirin da shida ina aikin kafinta a makarantar nan, ba a taɓa kirana taro ba sai in kujera ta karye ana tsakiyar taron. Saboda haka da aka kafa kwamitin zaɓen na'urar da za a kawo wa 'yan aji shida, ban sa rai wani zai leƙo shagona ya ji ta bakina ba. Ba kuwa wanda ya leƙo.

Tsofaffin ɗaliban makarantar ne suka yi alkawarin na'ura arba'in, suka ce malamai su zaɓa: ko tabilet, falen gilashin nan da ake shafawa da yatsa, ko laftof mai murfi da madannai. Suka aiko da biyar-biyar na gwaji. Tun daga ranar ɗakin malamai ya rabu gida biyu. Malamin Zane, dogon nan mai yawo da fensir a bayan kunne, shi ke jan masu tabilet. Masu laftof kuwa 'yata ce a gabansu, wadda ke koyar da kwamfuta. A makaranta Malama ake ce mata, ni dai Auta na sani.

Auta ta kwashe taurin kaina kaf, ba ta rage wa yayyenta ko kaɗan ba. Ko a gida ba mu tsira daga maganar ba.

"Baba, so nake yaro ya iya rubutu da yatsu goma," in ji ta wata safiya muna shan shayi. "A tabilet sai dai dangwale da yatsa ɗaya, kamar kaza tana tsintar hatsi."

Na ɗaga mata hannuna na hagu, wanda zarto ya taɓa yi wa aski. "Ni tara da rabi gare ni, kuma da su na yi rainonki."

"Don Allah ku bari mutum ya sha shayinsa," in ji mamanta. "Ni wayar hannuna ma ta ishe ni."

Sati uku kwamitin nan yana gwaji. Sun auna nauyi, sun auna daɗewar batir, sun yi gardama a kan wace ce ta fi jure faɗuwa har Malamin Zane ya daina gaisa da malamin lissafi. Duk wannan bincike a ɗakin malamai aka yi shi, a kan babban teburinsu shimfiɗaɗɗe, wanda shi ma ni na yi. Malamai goma sha biyu, kowa da takardar shaidarsa, amma ba wanda ya ce a ɗauki na'ura ɗaya a kai ta ajin da za a yi aiki da ita. Aka kaɗa ƙuri'a, laftof ta ci bakwai da biyar.

To bari in gaya muku yadda teburan aji shida suke. Arba'in ne, ni na yi su a shekarata ta farko. Kowanne da murfi, yaro ya ɗaga ya sa littattafansa a ciki. Murfin kuma a gangare yake, ya sunkuyo wajen yaro da kamar faɗin yatsu huɗu, don shugabar makarantar ta wancan lokaci ta ce haka rubutu ke miƙewa, baya kuma ba ya ranƙwafawa. Duk dogon hutu sai na bi su ɗaya bayan ɗaya da samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge katako, na shafe su da man banish mai sa ƙyalli. Yau in ka shafa su, santsi kamar gilashi. Ina alfahari da su, ba na ɓoyewa.

Ranar Laraba Hedimasta ya ce a nuna wa yara abin da aka zaɓar musu. Ina ajin, ina gyaran sakatar taga, ba wanda ya kula da ni. Hedimasta mutum ne mai kirki da tumbi. Ya cusa kansa a teburin gaba da ƙyar, Auta ta buɗe laftof ta ajiye masa. Ya ɗaga hannu biyu sama zai yi jawabi.

"Yarana, yau mun shiga sabon zamani..."

Laftof ɗin ta fara tafiya. A hankali ta taho, cikin natsuwa, ba ta tsaya ko'ina ba sai a kan tumbinsa. Yara suka kwashe da dariya har da masu dukan tebur. Malamin Zane ya fi kowa jin daɗi. Ya taka gaba yana murmushi, ya ajiye tabilet a teburin kusa don a ga bambanci. Aka kuwa gani, don ita da gudu ta sauko, da gwiwoyi ya cafe ta.

Ni ma na yi dariya, har sukuddireba ta faɗi daga hannuna. Dariyar ba ta daɗe ba.

"Ashe ba na'ura ce matsalar ba," in ji Hedimasta yana gyara riga. "Teburan nan ne. Dama sun tsufa. Ranar Litinin zan rubuta wa tsofaffin ɗalibai su haɗo mana da na roba masu shimfiɗaɗɗen kai. Waɗannan a kai su sito."

Na san siton nan. Rufinsa na yoyo, gara kuma ta mai da shi gidan gado. Abin da ya shiga can shekara ɗaya sai dai a share shi da tsintsiya. Raina ya ɓaci ƙwarai, na tattara kayan aikina na fita ban gama sakatar ba.

Da aka tashi, sai ga Malamin Zane a shagona, karo na farko a tarihi.

"Baba Kafinta, sannu da aiki. Wata 'yar shawara na kawo."

"Kujerarka ce ta karye?"

"A'a. Ka ga, in ka buga ɗan siririn katako a bakin murfin nan ta ƙasa, tabilet za ta jingina a kai daram. Gangarar ma taimaka mata za ta yi. Laftof kuwa ko ta tsaya, madannan a karkace suke, katakon kuma ya dinga cin wuyan hannun yaro. Sai a sake ƙuri'a. Mu mu samu tabilet, kai ka tsira da teburanka."

Maganarsa ta shige ni. Kafin ya gama gyara fensirin kunnensa na yanko katakon a raina. Washegari na buga wa tebur biyar, tabilet ta zauna a kai kamar don ita aka yi su. Ranar Juma'a aka sake gwaji da yara, ni kuma na koma wa sakatar nan tawa don in ga yadda za ta kaya.

Wajen zane kam ba magana, yara sun yi abin mamaki. Sai aka ce kowa ya rubuta wa kakarsa wasiƙa. Nan na ga abin da Auta ke faɗa. Yatsa ɗaya, dangwal, dangwal, a goge, a sake. Can gefe kuma ta jera laftof biyar a kan teburin malami, ta bi yaran tana ɗora musu yatsu a kan madannai ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda maigidana ya ɗora mini hannu a kan zarto ranar da na fara koyo. Kafin a kaɗa ƙararrawa na ga hannu biyu sun fara aiki tare. Ni mai aikin hannu ne, in na ga ana koya wa hannu sana'a ina ganewa. Yarinyar nan ta fi ni gaskiya, abin ya ba ni haushi.

Da yamma ta same ni a tsakar gida ina wanke ƙafa.

"Baba, an ce ka koma ɓangarensu."

"Ni ɓangaren katako nake."

Ta tsuguna kusa da ni, ta karɓi butar tana zuba mini. "Wallahi ban san abin zai taɓa teburanka ba. Da na sani da na fara zuwa wajenka. In ka ce in janye, ranar Litinin zan janye."

Da faɗa ta zo mini da shi da na ji daɗi, don na shirya masa. Wannan kuwa ta kashe mini jiki. Auta da ko a wasan yara ba ta taɓa janyewa ba, yau za ta janye saboda tsohon katako.

"Kar ki kuskura," na ce. "Zuba ruwan, kina jiƙa mini wando."

Ranar Asabar da sassafe na tafi makaranta, na ɗauko tebur na uku a layin taga, wanda na fi sani a cikinsu, na kai shi shago. Na zagaya shi ya fi sau goma. In daidaita murfin gaba ɗaya? Sai na farke arba'in ɗin, kuma rubutun hannu ya rasa gangararsa. In sa roba a kai? Madannai dai suna nan a karkace. Na ɗaga murfin in duba hinjinsa, ƙarfen da yake buɗewa a kai, na tokare shi da wani guntun katako kamar yadda na saba in zan yi aiki a ciki. Guntun ya yi gajere, murfin ya ɗagu kaɗan kawai. Na yi tsaki, na ajiye kofin shayina a kai, na juya neman wani.

Da na juyo, kofin na nan inda na bar shi. Shayin ciki ko karkata bai yi ba.

Na ɗauko ma'aunina mai ɗigon ruwa a ciki na ɗora. Ɗigon ya tsaya a tsakiya cak. Shekara ashirin da shida ina tokare murfin nan da guntun katako, ban taɓa ajiye komai a kai ba sai ranar. Na yi dariya ni kaɗai har mai gadi ya leƙo ya ga ko lafiya.

Kafin azahar na yanka ƙafafu biyu 'yan gajeru, faɗin yatsu huɗu, na ɗaura su a ƙarƙashin murfin da ƙananan hinji. In ka sauke su, murfi ya zauna a shimfiɗe. In ka naɗe su, ya koma gangararsa.

Ranar Litinin na tare Hedimasta a baranda, wasiƙarsa a hannu.

"Ranka ya daɗe, minti biyar nake roƙo kafin takardar nan ta fita."

Aka taru a aji shida, har da masu tabilet. Ya sake cusa kansa a teburin, Auta ta ajiye laftof. Wannan karon bai ɗaga hannuwansa ba, tumbinsa ya kare da su. Aka jira. Laftof ko motsi. Ya ɗan girgiza teburin, shiru. Ya zare fensirin kunnen Malamin Zane ya kwantar a kai, fensir ya yi kwanciyarsa. Sai na ɗauke laftof, na naɗe ƙafafun, fensir ya gangaro ya faɗa hannun mai shi.

"Ga gangararka nan ta zane, Malam, ba inda ta je," na ce masa.

Ya juya fensirin, ya ce shi dai har gobe tabilet ta fi, amma ya miƙo mini hannu.

"Kwana nawa za ka yi wa sauran?" in ji Hedimasta.

"Sati biyu, in an bar ni na sha shayi."

Ya ninke wasiƙar ya sa a aljihu. "Baba Kafinta, daga yau kana cikin kwamiti."

"Kwamitin da ya gama aiki, ranka ya daɗe? Na gode."

Mutane suka watse suna dariya, aka bar ni da Auta. Ta ɗaga murfin don ta ga yadda na ɗaura ƙafafun, sai ta tsaya. A cikin murfin, can kusurwa, akwai rubutun da aka ƙarta da tsinin kamfas ɗin lissafi, haruffan duk a karkace: AUTAR BABA. Tana aji shida ta yi shi. Ranar na yi mata faɗan da har yau mamanta ke ba da labarinsa, na kuma rantse sai na goge shi kafin gari ya waye.

"Baba," ta ce, muryarta ta yi ƙasa, "ai cewa ka yi ka goge."

"Samfefa ce ta ƙare ranar."

"Shekara goma sha shida?"

"Har yau ba a kawo mai kyau ba."

Ta shafa rubutun da yatsa, ta goge ido da bayan hannu. Sannan ta sauke ƙafafun, ta rufe murfin, ta ɗora laftof a kai, ta jawo mini kujera.

"Zauna, Baba. Kawo tara da rabin nan, da kai zan fara."