Hannun Bachirou

Kadidiatou ta ja ta tsaya a bakin ƙofar shagon, ta ƙi shiga. Hannaye ne a ciki, farare fat, jere a kan katakai tun daga ƙasa har kusa da rufi. Babu jiki, babu kai, daga wuyan hannu zuwa yatsu kawai. Wasu a buɗe, wasu a dunƙule, wani kuma kamar yana jan igiyar da ba a gani.

"Malam Saley, gidan gumaka ka kawo ni?"

"Ba gumaka ba ne, Maman Rahamatou. Shiga dai. Na Bachirou yana ciki."

Saley aminin mijinta Bachirou ne, shekara shida suna kwana ɗaki ɗaya a unguwar Mahdiya. Shi ya buga mata waya Tanut ranar da Bachirou ya faɗo daga kan dabino a Zighan. Ta bar 'yarta Rahamatou wurin uwarta, ta kwana tara a hanyar sahara, ta iso garin Sabha na Libiya kwana biyu bayan an kai shi makwancinsa. A nan ta yi takaba, a ɗakin wata 'yar garinsu. Gobe da safe motarta za ta tashi, kuma abin da ta samu na mijinta bai wuce riguna uku da wayar da fuskarta ta tsage ba.

Mai shagon ya fito yana goge hannu da tsumma. Zuhair sunansa, Balarabe ne mai furfura, haƙoran roba yake haɗawa a ɗakin baya. Ya yi mata ta'aziyya da Hausarsa mai gargada, ya nuna mata wani ƙullu mai ruwan hoda a cikin kwano.

"Wannan na awon haƙori. Mutum sa hannu, minti uku, cire. Ni zuba jibis, garin da ake shafe bango. Shi ke nan."

Saley ya ƙara mata bayani. Shekara biyu ke nan Zuhair yana bin gonakin dabino da wuraren gini, yana roƙon leburori su ba shi hannu. Ya ce su suka gina rabin garin nan, amma idan sun tafi ko sawunsu ba ya saura. Da farko dariya aka riƙa yi masa. Yanzu har malaman jami'a suna zuwa kallo.

"Bari in ɗauko miki nasa," in ji Saley.

"A'a. Ni zan ɗauko."

Ta shiga da bismillah. Ta matsa kusa. Komai ya fito: zanen tafin hannu, kantar yatsu, farcen da ya fashe, har jijiyoyi. Ta bi layin farko, ta bi na biyu. Ta san hannun mijinta. Shi ya riƙe nata a tashar Tanut ranar da zai tafi, mutane suna kallo, har kunya ta kama ta. Dogayen yatsu gare shi, babban yatsan ya ɗan lanƙwashe baya.

A layi na uku ta gan shi. Ta ɗauke shi da hannu biyu ta rungume a ƙirjinta, hawayen da suka ƙafe tun watan jiya suka dawo.

Sai da ta ɗago ta ga Saley yana kallon ƙasa, Zuhair kuma yana murza tsummansa.

"Mene ne?"

Zuhair ya karɓa a hankali, ya juya gindin, ya karanta abin da ya rubuta da fensir. "Wannan Abdoulkarim. Mutumin Tawa. Yana nan, lafiya lau."

Kadidiatou ta goge fuska da bakin mayafi. Kunyar da ta ji ta fi kukan zafi.

Saley ya miƙa hannu can sama, ya sauko da wani. Hannun dama ne, mai kauri, gaɓoɓin sun kumbura. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi babu su, sai dungu biyu masu santsi.

"Ba nasa ba ne. Mijina da yatsunsa biyar."

Saley ya ce, "Nasa ne. Injin kwaɓa siminti ya cinye su, shekara uku da suka wuce. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba."

"Kowace Juma'a muna ganinsa a waya!"

"Da wannan yake riƙe wayar."

Sai ta tuna. Gaskiya ne, da hagu yake ɗaga wa Rahamatou hannu. Har ta taɓa yi masa tsiya, ta ce Libiya ta koya masa gaisuwa da hagu, ya yi dariya ya ce zafin garin ne.

Ta karɓa. Ya fi na farko nauyi. Ta shafa tafin, ta shafa dungun, tana neman wani abu da za ta gane, ko tabo ɗaya. Babban yatsan ma ya miƙe ya yi tauri. Hannun baƙo ne.

"Ranar nan shi dariya sosai," in ji Zuhair. "Ni ce, ba ni hagu, mai kyau. Shi ce a'a, wannan ne ya yi aiki." Ya ɗauko tsohuwar jarida. "Naki ne, hajiya. Ni naɗe miki."

Ba ta miƙa masa ba. Ta nemi bencin da masu jiran haƙori suke zama, ta zauna, ta ɗora hannun a cinyarta. A waje wata babbar mota ta wuce, katakan suka girgiza, hannayen suka yi ɗan kaɗawa sannan suka natsu.

"Malam Saley."

"Na'am."

"Shekara shida. Ba yatsu kaɗai ya ɓoye mini ba."

Saley ya kawar da kai.

"Gobe zan tafi, kuma yarinyar nan za ta girma ta tambaye ni waye ubanta. Ban san abin da zan ce mata ba, ban da mutumin da ke dariya a waya. Zauna."

"Wasu abubuwan ba su da daɗin ji."

"Ba daɗi na zo nema ba."

Zuhair ya shige ɗakin baya, aka ji yana ɗauraye butar shayi. Saley ya cire hularsa, ya juya ta a hannu, ya mayar. Sannan ya jawo wani bokitin fenti ya kifa, ya zauna nesa da ita kaɗan.

"Shekarar farko," ya ce, "lokacin da ya ce miki wayarsa ce ta lalace wata huɗu. Ba wayar ba ce."

Kadidiatou ta rufe dungun yatsun da tafinta.

"Ina jin ka."