Watandar Leɓe

Sa'a mace ce mai surutu da ban dariya, amma duk ƙauyensu da ke bakin kanal ɗin ruwan noman rani tsakanin Kura da Bunkure babu mai hotonta da baki a fili. Leɓenta siriri ne ƙwarai. Tun tana yarinya ake tsokanarta da Bakin Asusu, kuma sunan ya bi ta har gidan miji. Da an ɗaga waya za a ɗauki hoto, sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

To ga bikin 'yarta Muhsina ya matso, kuma yarinyar ta kafe.

"Umma, wallahi idan kika rufe baki a hoton bikina, ba zan rataye shi a ɗakina ba."

"Kar ki rataye mana, bangonki ne," in ji Sa'a. Amma maganar ta tsaya mata a rai.

Aminiyarta Ummulkhairi ce ta zo da labarin. Ta shigo da waya a hannu, ko sallama ba ta ƙarasa ba, ta nuna mata matan birni da ake yi wa allura a leɓe, ya cika ya yi tumbur kamar tumatirin Kadawa. Sa'a ta kalla ta sake kalla, ta ce a tambayo kuɗin. Da amsa ta zo daga wani gidan gyaran jiki a cikin Kano, sai da ta zauna a kan turmi. Allura ɗaya, naira dubu ɗari biyu da arba'in.

Abin da Sa'a ta mallaka kauɗa ce. Duk rani, idan tumatir ya yi arha har ana zubarwa a bakin titi, ita da yaranta suke yanka shi su shanya, ta ɗura a buhu ta jira damina ya yi tsada. Ko ta sayar da ta bana kaf, kashi ɗaya cikin uku kawai za ta haɗa.

"Ke, tsaya," in ji Ummulkhairi. "Da sallah wa yake sayen bijimi shi kaɗai? Ba watanda ake yi ba? Mu haɗa kuɗi mu sayi allura ɗaya, a kasa mana."

Sai suka nemo ta uku, Saliha mai kawo musu nono daga rugar bayan gonakin shinkafa. Ita leɓenta ba abin da ya same shi. Ta dai sayar da tunkiya kwanan nan, kuma ba a watanda a ƙauyen ba ta shiga ba.

Mijin Sa'a, Baballe, da ya ji dariya ya yi har ya ƙware da kunu.

"Kauɗarki ce, bakinki ne. Ni dai a bar mini inda za a riƙa yi mini faɗa."

Ranar tafiya suka ci kwalliya kamar masu zuwa suna. Gidan gyaran sanyi ƙalau, ga ƙamshi, ga wata Sista mai farar riga ta tare su da fara'a. Ummulkhairi ta yi bayani tiryan-tiryan: su uku ne, kashi uku za a yi, kuma kar a cuci kowa.

Sista ta ɗauko allurar ta nuna musu. Ruwan da ke ciki bai kai cikin cokalin shayi ba.

"Wannan ɗanɗano ne, ko?" in ji Saliha. "Ina sauran?"

"Shi ke nan, Hajiya. Kuma ba a rabawa. Allura ɗaya, mutum ɗaya."

"Haba 'yar nan! Shanunmu ma kwalba ɗaya ake yi wa garke guda."

"Ku ba shanu ba ne ai," in ji Sista, tana danne dariya. "Abin da ya shiga jikin wata ba na sa wa wata, saboda cuta. Kuma ko na raba, ba wadda za ta ga canji. Kun yi asarar kuɗinku ke nan ku duka."

Sa'a kuwa ta riga ta sayar da kauɗar, tun kafin ma farashi ya gama hawa. Ta tambaya a hankali ko idan an yi shi ke nan har abada.

"A'a. Jiki yana shanye shi. Wata shida zuwa shekara, sai a sake."

"La'ilaha illallahu! Ashe haya ce!" Ummulkhairi ta tafa hannu. "Kamar gonar rani, kaka ɗaya mai gona ya karɓi abinsa. Sa'a, tashi mu tafi, mu sayi atamfa mu ci tsire a hanya."

Sa'a ba ta tashi ba. Tana kallon ɗan madubin da ke kan tebur.

"Sista, biki saura sati uku. Zai kai?"

"Zai kai har ya wuce. Kumburin ma ya saɓe kafin nan."

Saliha ta dubi Ummulkhairi, Ummulkhairi ta dubi silin.

"To tunda watanda ta ƙi," in ji Saliha, "a mayar da ita adashi. A adashi kuwa kowa ya sani, mai biki ake ba kwasar farko."

"Ni fa na kawo labarin nan!" in ji Ummulkhairi. "Ni na sayi data!"

"Ke wa za ki aurar?"

"Ni ma ina da baki ai."

"Naki ma ragewa ya kamata a yi," in ji Saliha.

Sista ta kasa riƙewa, ta fashe da dariya. Ummulkhairi ta yi tsaki, ta kwance bakin zani ta dangwarar da kasonta a tebur.

"Ungo, uwar amarya. Amma baɗi kwasata ce, kuma ni ba allura zan yi ba, injin markaɗe zan saya."

Aka shafa wa Sa'a wani mai da ya kashe mata baki, aka yi allurar. Ta damƙe hannun Saliha har sai da ta ce wayyo, yatsun tatsarta. Kafin su kai Kumbotso a hanyar komawa, leɓen ya kumbura ya yi suntum. Direba ya yi ta leƙe ta madubi, daga ƙarshe ya ce Allah ya sawwaƙe, kudan zuma na bana ba su da imani.

Kwanakin farko ba daɗi. Kunu ma da cokali take sha, yana zubowa ta gefe. Baballe ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Salamu alaikum. Baiwar Allah, matar gidan fa?"

Ta wurgo masa mafici. Magana ba ta fita sosai, sai ya ce rabonsa da hutu irin wannan tun suna amarci. Da yamma kuma ga shi da kankana mai sanyi, ya yanka mata ƙanana yadda za su shiga.

Sannu a hankali kumburin ya sauka. Abin da ya rage ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, leɓe ne dai irin na kowa. Maƙwabta ma wasu ba su lura ba, sai suka ce ta yi ƙiba. Amma Sa'a ta lura. Aka fara kama ta tana leƙa fuskarta a cikin randa.

Ranar biki mai hoto ya jera mata a tsakar gida, amarya a tsakiya. Ya ɗaga na'urarsa, sai hannun Sa'a ya tafi ga mayafi da kansa, don ya saba. Ummulkhairi ta buge hannun.

"Kul! Da kuɗina a bakin nan. Buɗe shi mu ga kayanmu!"

Saliha daga baya ta ce ita ma a nuna mata wajen tunkiyarta. Sa'a ta tuntsire da dariya, kai a sama, haƙora duk a waje, a daidai nan mai hoto ya danna. Da aka wanko, leɓen ma ba a ganinsa sosai saboda faɗin dariyar.

Sa'a ba ta ga wani ranin ba. Ana tsakiyar dashen tumatir zazzaɓi ya kwantar da ita, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Matan da suka yi mata wanka sun ce leɓen yana nan bai gama sacewa ba. Allah ya jiƙanta.

Da kakar tumatir ta zagayo, Baballe da yaran suka yanka kauɗa, suka sayar, suka kai wa Ummulkhairi da Saliha kuɗinsu na adashi. Ummulkhairi ta ƙi karɓa. Ta ce a wanko mata hoton kawai, babba.