Tsamiyar Lamba Huɗu

Sahabi ya taka kuloci, ya zare giya lamba biyu ya sa uku daidai rijiyar da ke bakin garin Aliero, motar ta miƙe sumul. A kujerar baya mai motar, Alhaji Garba, dillalin albasa, yana jan carbinsa. Kasuwar Jega suka nufa.

Motar mai injin tarbo ce, kuma shekara shida ke nan ba wanda ya taɓa sitiyarinta sai Sahabi. Sirrinta fito ne. In ka taka totur, injin zai ɗan yi nauyi, can sai wani siririn fito ya taso, to nan ne wurin canja giya. Ka riga shi, ta mutu maka a hannu; ka wuce shi, ka wahalar da inji. Allurar da ke nuna gudun injin ta daɗe da tsayawa, Sahabi ya hana a gyara. "Mai kunne mi za shi yi da allura?" Haka yake cika baki a tashar Jega.

To, kunnen ne ya tafi. Tun zazzaɓin da ya kwantar da shi bara bai sake jin fiton ba, kuma ko matarsa Kande bai gaya wa ba. Magana a leɓe yake tsintar ta, ta Alhaji kuma ta madubi. Giya kuwa hanya ya haddace: rijiya lamba uku, tsamiya lamba huɗu, gada lamba biyar. Ya san ranar da Alhaji ya gane, ranar za a raba shi da motar, shi kuwa bai san kansa ba sai a cikinta.

Sati biyu ba su bi hanyar ba. Ashe da samun sabuwar jiha an fara faɗaɗa titi. Sahabi ya ajiye ƙafa a kan totur yana jiran tsamiya, idonsa na gefen hagu. Jar ƙasa kawai yake gani da tulin tsakuwa. Ya ce a ransa tana gaba kaɗan.

Sai da hannun Alhaji ya damƙi kafaɗarsa sannan ya ji ƙaurin inji. Ya sauka gefen titi ya kashe motar. Can baya ya hango kututturen tsamiyar, sabon sara, fari tas.

Suka fito. Sahabi ya buɗe gaban mota ya sunkuya, ba don yana duba komai ba. Alhaji ya tsaya a bayansa ya daɗe yana magana, sannan ya zagayo inda Sahabi zai ga bakinsa.

"Sau ukku nik kira ka. Injin na kururuwa hal masu aiki sun ɗaga kai. Tun yaushe, Sahabi?"

"Tun bara, Alhaji."

"Da mi kaka tuƙa ni?"

Sahabi ya nuna kututturen. "Da waccan. Sun sare ta."

Alhaji bai yi faɗa ba, da ma ya yi, da ya fi sauƙi. Hannu kawai ya miƙo, Sahabi ya ɗora masa makulli.

Da injin ya huce, Alhaji ya shiga wurin direba. Sahabi ya zauna a gefe, kujerar da bai taɓa zama ba, ya rasa inda zai ajiye hannunsa na dama. Yana kallo Alhaji ya fizgi lamba uku tun lokaci bai yi ba, motar ta yi rawa. Zuciyarsa ta yi masa zafi kamar an mari 'yarsa a gabansa.

Sun kusa gada ya kasa daurewa.

"Alhaji, hal yanzu tana yi?"

"Mi?"

"Fiton."

Alhaji ya rage gudu, ya karkata kai ya saurara da gaske. Sannan ya juyo da fuskarsa sosai, don Sahabi ya karanta.

"Wallahi ban san shi ba, Sahabi. Duk shekarun ga, kai kaɗai ka jin shi."

Sahabi ya mayar da idonsa kan titi. Suka haye gada a lamba uku.