Ɗanyen Yashin Chanchaga

Shekara ashirin da biyu Mamudu makanike yana rarrafe a ƙarƙashin kan jirgin ƙasa a lokon Minna, wato wurin gyaran jirage, amma da aka tashi tura mutum horo kan sababbin jirage, sai aka kira Ndagi direba. Ndagi fa! Wanda Mamudu ya koya wa cewa kowane gatari, sandar ƙarfen nan da ke haɗa ƙafa biyu, da nasa injin lantarkin da ke juya shi. Abin ya tsaya masa a rai. Hassada ce tsagwaronta, shi ma ya sani.

Ran Laraba aka wuni ana yayyafi. Ƙafar ƙarfe a kan jiƙaƙƙen dogo santsi take yi, shi ya sa kan jirgi ke da akwatin yashi, yana zubo shi a gaban ƙafafun don su kama. Sai dai dole a soya yashin ya bushe ƙarau, aikin Mamudu ke nan. Ya dubi wanda aka kawo daga kogin Chanchaga, sharkaf. Ya zuba shi haka nan a akwatin jirgin Ndagi.

"Bari mu ga gwanin," ya ce a ransa.

Ai kuwa a hawan bayan gari ƙafafun suka yi ta juyi a wuri ɗaya, bututun yashi ya toshe, jirgin kaya ya tsaya cak. Sai da aka jawo shi baya. Wayyo, daɗi kamar ya kashe Mamudu!

Shugabansu Oga Julius ya kira su biyun. Ndagi ya yi saurin cewa, "Oga, laifina ne, ban gwada yashin ba kafin in tashi."

Julius ya zura hannu cikin akwatin yashin, ya dunƙulo yashi kamar tuwo, ya ajiye a gaban Mamudu. Sannan ya zaro takardar horon daga aljihu. Sunaye biyu ne a ciki, na Ndagi da na Mamudu.

Ya ce, "Sati guda Ndagi yana damuna, wai ba ya tafiya sai da malaminsa. Jiya na sa hannu."

Ya ɗauko biro ya soke na biyun.

Ndagi ya dubi Mamudu, idonsa jajawur. "Yaya, har wurin zama na roƙa mana kusa da juna."