Cikon Ashirin da Takwas

Shekarar da Turawa suka tashi yaƙin Kamaru, masinja ya iso Limawa da saƙo daga gidan hakimi, ana neman 'yan dako ashirin da bakwai. Mai unguwa ya tara su da ƙyar, ya kai su wurin Malam Uwaisu a yi musu addu'ar tafiya.

Malam Uwaisu kuwa hisabi ya gama cin ransa, ko gyaɗa ka ba shi sai ya jera ta kafin ya ci. Da ya ji adadin sai ya ɓata fuska. Ya share ƙasa ya nuna wa mai unguwa: abin da ke raba ashirin da bakwai daidai, ɗaya ne da uku da tara, in an haɗa su sha uku, ko rabi ba su kai ba. Amma na ashirin da takwas, ɗaya da biyu da huɗu da bakwai da sha huɗu, in an haɗa su sai su koma ashirin da takwas cif.

"Wannan shi masana ke kira cikakke," in ji shi. "Abin da ya fita daga cikinsa, cikinsa yake komawa. A ƙara mutum ɗaya, duk za su dawo."

To, wa zai ba da ɗansa ba a nema ba? Kowa ya sunkuyar da kai. Wanda ya ce zai haɗiye gatari ai sai a riƙe masa ƙota. Malam ya aika a kira ɗansa na fari, Zailani, magidanci mai 'ya'ya biyu. Uwarsa Zulaihatu ta yi kuka ta gaji, shi kuwa Zailani "to, Baba" kawai ya ce, ya ɗauki gammo.

Damina biyu babu labari. Malam ya rame, sai dai bai taɓa yarda ya yi kuskure ba.

Wata rana da hantsi, bayan ruwa ya ɗauke, aka hango su tafe, huɗu-huɗu yadda soja suka koya musu. Sahu shida cike. Na bakwai mutum uku ne, sun bar wurin mutum ɗaya a tsakaninsu.

Arzika, maƙwabcin Malam, ya fito daga sahun ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam, sai haƙuri. Zazzaɓi ya kama Zailani a hanya. Bature ya ce dama ashirin da bakwai ya nema, a sallame shi ya koma gida. Ya ƙi. Ya ce in ya tafi lissafinka zai ragu, mu sauran ba za mu ga gida ba. Da kaya a kansa ya faɗi."

Malam ya nuna sahu na bakwai. "Wurin nan fa da kuka bari?"

"Mun gwada matsewa, Malam. Duk wanda ya shiga wurin sai ya ji kafaɗa ta goge shi. Haka muka taho tun daga can."

Zulaihatu ta fito da ƙwaryar ruwa. Ta wuce mijinta ko kallo, ta ajiye ƙwaryar a wurin da babu kowa, ta ce, "Sannu da hanya." Sannan ta zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa tana jira ya sha.

Malam ya so ya je ya ɗaga ta, amma tsoro ya hana shi motsi. Ya san in ya matsa kusa, shi ma kafaɗar za ta goge shi.