Ƙwan Saveta Sun Yi Sanyi

Saveta ta haska ƙwan da tocila, ta ga abin da ke ciki ya kwanta gefe guda, ba ya motsi. Ta ɗauki wani, shi ma haka. Ta kara bayan hannunta a jikin injin ƙyanƙyasar. Fitilarsa na ci, amma ɗumin bai kai yadda ta bar shi da safe ba. Wani ya kashe shi, ya sake kunnawa kafin ta dawo daga gona.

Ƙwan na kajinta ne masu saɓulallen wuya marar gashi, irin da ta gada wurin uwarta. Dila ya cinye zakaran tun farkon bazara, in waɗannan suka lalace irin ya ƙare a gidan ke nan.

A kicin ta tarar da Dorina, matar ɗanta Tavi, tana tuƙa mamaliga, tuwon masararsu. 'Yar birni ce daga Cluj, ta dawo ƙauyen zama da su tun da Tavi ya tafi aikin gini Italiya.

"Wa ya shiga sito?"

"Na shiga ɗebo garin masara, Mama."

"Gari kawai?"

Dorina ta ci gaba da tuƙi, ba ta ɗago ba.

"Ke ce kika ce injin ƙwan yana wari. Ke ce kika ce ƙuginsa na hana ki barci. In kajina sun dame ki, ki faɗa mini a fuska."

"Ban kashe ba, Mama."

"To ni na ce an kashe?"

Muciyar ta tsaya a hannun Dorina. Saveta kuwa ta ɗauki wannan ta ajiye a ranta.

Da ta fita zuba wa kaji dawa, maƙwabciyarta Floarea ta leƙo ta kan shinge.

"Ai na gaya miki. Mai dogon farce da kaji? So take a sayar da gidan nan ku koma bene."

Saveta ta dube ta a kaikaice. Floarea ma ai ta daɗe tana roƙon ƙwan nan ana hana ta, kuma ta san inda ake rataye makullin sito. Ilarie, mijin Saveta, shi kaɗai ne ba ta saka a lissafi ba. Yana zaune ƙarƙashin rumfar inabi kamar kullum, hularsa ta tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a kan gwiwa.

Washegari ta ɗaura ɗankwalin fita, ta ɗauki kwando, ta faɗa da ƙarfi cewa za ta kasuwar Turda. Ta bari bas ya wuce ta, ta zagayo ta bayan lambu, ta shige sito ta tsuguna bayan buhunan dankali. Gwiwoyinta suka fara tsami. Ta daure.

Ƙofa ta buɗe. Ilarie ne.

Ya tsaya yana kallon injin, ya girgiza kai. "Wane sakarai ya bar wannan a kunne? Su ƙone mana tasha." Ya sunkuya ya zare filogin, ya naɗe wayar tsaf ya ɗora a kan murfin.

Bai kai ga juyawa ba Dorina ta shigo da gudu, hannunta duk kumfar sabulu. Ta goge a siket, ta mayar da filogin.

"Baba, shugaban tasha ne ya ce a bar shi. Ka manta?"

"Shi ya ce?" Ya ƙura mata ido. "Ke kuma 'yar gidan wa ce, yarinya?"

"Ta gidan nan ce. Zo mu je, kaji na jiranka."

Ta riƙe masa gwiwar hannu ta fita da shi. Da ta dawo duba injin, sai ta ga surukarta tsaye, ƙurar dankali a zaninta.

"Tun yaushe?" in ji Saveta.

"Tun kafin bikin Ista. Da zarar kin fita yake tashi."

"Shi ne kika bar ni ina ta zaginki?"

"Tavi ya ce in Baba ya fara rikicewa gidan tsofaffi za a kai shi. In na gaya miki, ke ba kya iya ɓoye masa komai a waya." Ta share ido da bayan hannu. "Zagin ya fi mini sauƙi."

Saveta ta tuna makullin da ta tsinta cikin tukunya, da ranar da ya tambaye ta ko uwarsa, wadda ta daɗe da rasuwa, ta dawo daga coci, ta yi dariya ta ce ya rage shan barasa.

"Nemo sabon kwaɗo a sa wa ƙofar nan," ta ce. "Tavi kuma ki bar ni da shi. Zan koyi ɓoyewa."

Ta fita tsakar gida. Ilarie ya ba ta baya, yana watsa wa kaji hatsi, yana kiran kowace da sunanta. Saveta ta matso bayansa. Ta tsaya da kwandon a hannu, tana jira ya juyo ta ji da wane suna zai kira ta.